Nasiha Ga Samari Game Da Ƙafar Mota

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari, wanda a zahiri ya fi kama da hirar gareji bisa ga zancen da za a ɓata wa tawada, shi ne wata ziyara da ɗan ƙanwata ya kawo mini nan Sabon Birni bayan sallar la'asar, 'yan kwanaki da karɓar tsohuwar akori-kurar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, wadda ta shekara ashirin da ɗoriya tana jigilar dawa da masara da awaki tsakanin Getso da Gwarzo da Kutama, ta ciyar da gida, ta aurar da 'yan mata uku, har ta biya wa tsohuwa kujerar Makka. Da ya durƙusa muka gaisa, sai ya miƙo mini wayarsa, na ga hoton wata tsohuwar akori-kura ta Amurka, an shafe ta da fenti sai ka ce madubi, cikinta yana neman shafar ƙasa, an sa mata manyan wili masu walƙiya sun shige cikin bodi, tayar da ke kansu kuwa siririya, kamar an zagaye faifai da igiya. Ya ce, "Kawu, haka nake so in mai da ita."

Ban yi masa faɗa ba, kuma ku ma, ya ku 'ya'yana, ba faɗa na zo yi muku ba. Son kwalliyar abin hawa ba a kanku aka fara ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan daushe, ya ga yadda ake caɓa wa doki ado tun daga linzami har jalala, ko ya tuna manyan motocin katako na da, da zanen zaki da dawisu da kalmomin hikima a goshinsu, ya san Bahaushe bai taɓa ƙin abin hawansa ya yi kyau ba. Illa iyaka masu doki na ainihi, kafin su dubi sirdi, kofato suke fara ɗagawa su duba. Kuma ba a taɓa jin wanda ya ɗaura wa dokin hawan salla mangalar taki ba, ko ya sa wa jakin kai taki gona lifidi.

Ya kamata ku san asalin abin da kuke sha'awa, domin wanda ya san mafarin abu ya fi gane inda ya dace da shi. Wannan al'ada ta dusar da mota ƙasa ta yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu a tsakanin samarin Amurka 'yan asalin Meziko, musamman a birnin Los Angeles, inda sukan yanke sifirin ko su jibga buhunan yashi a bayan mota don ta sunkuya, su riƙa tafiya sannu-sannu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta jama'a na kallo. Da abin ya yawaita, a 1958 jihar Kalifoniya ta kafa doka ta hana wani sashe na mota ya sauko ƙasa da gindin wili. Samarin kuwa, maimakon su bari, sai suka samo famfunan mai na tsofaffin jiragen sama suka ɗaura, ta yadda direba zai ɗaga motarsa in ya hango ɗan sanda, ya sauke ta in ya wuce. Ba a janye wannan doka ba sai a farkon 2024. Daga baya sha'awar ta kai ga tsofaffin akori-kura, irin su Chevrolet C10 wadda aka fara ƙerawa a 1960. To, abin lura a nan shi ne galibin waɗannan motoci an 'yanta su daga aiki: ba su ɗaukar buhu, ba su shiga gona, wasunsu ma a bayan wata motar ake ɗora su a kai su wurin nuni a dawo da su. Dawakin hawan salla ne. Akori-kurarmu kuwa, ko Fijo ce ta zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ko Hilux ce, ko wata ƙaramar ta Japan, takarkari ce, abincin gida a bayanta yake.

Malaman usulu sun kasa bukatun ɗan Adam kashi uku: akwai larura, wadda in babu ita rai ko dukiya za su salwanta, akwai bukata, wadda rashinta ke kawo ƙunci da wahala, akwai kuma ƙawa, wadda ke ƙara wa abu armashi, suka kuma yi ittifaƙi cewa ba a rusa ta farko don a gina ta ƙarshe. Ban san wurin da wannan ƙa'ida ta fi fitowa fili kamar ƙafar mota ba, domin duk nauyin ƙarfe da kaya da rayukan da ke ciki, da duk ƙarfin inji da birki da sitiyari, ba su da wata mahaɗa da ƙasa sai wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba.

Saboda haka sai mu fara da karatun da ke rubuce a gefen taya, wanda na lura direbobi da yawa sun shekara talatin suna tsugunawa a gabansa ba su taɓa sanin yana magana ba. A tayar akori-kura ta asali sau da yawa za ku ga an rubuta 195R14C, sa'an nan 106/104. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Harafin R yana nufin irin saƙar da kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, wadda yanzu ta game duniya. 14 faɗin wili ne da inci. Harafin C kuwa shaida ce cewa an yi ta don motar kaya, gefenta ya fi kauri, tana jure iska mai yawa. Amma lambar da na fi so ku riƙe ita ce 106, domin ita ce ke faɗin iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka, wato kilo 950, in an ba ta cikakkiyar iskarta. Yanzu ku dubi irin wadda ɗan ƙanwata yake so, mai rubutun 215/45R17. Lambar nan 45 tana nufin tsayin gefen tayar kashi 45 ne cikin 100 na faɗinta, wato kimanin milimita 97, alhali na tsohuwar ya kai kimanin 156. Lambar nauyinta kuma galibi 87 ce ko 91, wato kilo 545 ko 615. To, ku yi lissafi da kanku, ba sai an kira malamin hisabi ba: tayoyin baya biyu na asali suna ɗaukar kilo 1,900, na kwalliya kuwa, ko da an sami masu ƙarfin cikinsu, 1,230. Bambancin kilo 670 ne, kusan buhu bakwai na masara. Wanda ya sauya ƙafa bai sauya lodi ba, waɗannan buhuna bakwai bashi ne ya ci a wurin roba, ita kuwa roba takan zo karɓar bashinta ne da tsakar rana, a kan kwalta mai zafi, lokacin da mota ke gudu.

Shi kuma gefen taya da kuke ganin kaurinsa muni ne, shi ne katifar mota. Idan ƙafa ta faɗa rami, wannan iska da ke tsakanin wili da ƙasa ita ke shanye dukan. In ta yi kaɗan, sai bakin rami ya matse roba a jikin wili ya tsinka zarurrukan ciki, bayan kwana biyu ku ga gefen taya ya yi ƙullutu kamar ƙwai, wanda ba shi da magani a wurin kowane mai faci. Dukan da ya wuce roba kuma wili yake samu, a nan ne kuma bambancin ƙarfe da alminiyam yake bayyana. Wilin ƙarfe in ya bugu lanƙwashewa yake yi, maƙerin ƙauye ma ya daddaƙe shi da guduma ka ƙarasa gida. Na alminiyam tsagewa yake yi, iska ta riƙa zurarewa, waldar da ake yi masa kuwa ba abin da mai hankali zai ɗora wa iyalinsa ba ne. Ba na cewa kowane wilin alminiyam rarrauna ne, akwai waɗanda aka ƙera musamman don motocin kaya, kuma akan buga iyakar nauyinsu a bayansu. Amma galibin waɗanda ake jerawa a bakin titi suna ɗaukar ido, daga ƙananan motocin shiga aka kwance su.

In kuwa mutum ya ƙudura sai ya sauya wili, kuma ya sami mai ƙarfin da ya dace, to, akwai sharuɗɗan da in ɗaya ya faɗi aikin ya ɓaci, kamar yadda alwala ke ɓaci da barin farilla guda. Yawan ramukan noti bai isa hujja ba. Ramukan suna zaune ne a kan wata da'ira da ake aunawa da milimita, har ga wili biyu masu rami biyar-biyar, ɗaya da'irarsa 114.3, irin ta motocin Japan da yawa, ɗaya 112, irin ta Marsandi. Ido ba ya raba su, kuma yaron gareji mai ƙarfin dantse zai iya tilasta wa ɗaya shiga mazaunin ɗaya, amma kowace ƙusa za ta zauna a karkace, tana lanƙwasa kaɗan-kaɗan a kowane juyi, har ranar da za ta karye ba sallama, 'yan'uwanta su biyo ta. Kazalika ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar ƙafa: in ya yi ƙanƙanta wili ba zai zauna daram ba, in ya yi faɗi sai a sa masa zobe ya cike, in ba haka ba sitiyari ya riƙa karkarwa a hannu kamar mai masassara. Noti ma ba duka ɗaya ba ne, wani gindinsa tsini gare shi kamar mazurari, wani zagaye kamar ƙoƙo, wani shimfiɗaɗɗe, kowane wili da irin nasa. Kuma da yake alminiyam ya fi ƙarfe kauri, sai a tabbata noti ya ci zare aƙalla gwargwadon kaurin ƙusar.

Akwai kuma wata lamba a bayan wili mai haruffa ET, daga wata kalmar Jamusanci, wadda ke faɗin yadda wili zai shige ciki ko ya turo waje. In lambar ta yi ƙasa da ta asali ƙwarai, ƙafa takan fito waje, abin da samari ke so don mota ta yi kama da ɗan dambe ya buɗe ƙafafu. Sai dai nauyi ya tashi daga kan boris ya koma gefe, kamar mai ɗaukar tulu da miƙaƙƙen hannu, boris ya riƙa mutuwa kafin lokacinsa, bakin bodi kuma ya riƙa yankar taya duk sa'ad da mota ta sunkuya. In ta yi sama, wili ya goga birki ko sifirin ta ciki. Wani tsohon bakanike da na sani a Gwarzo, wanda bai yi boko ba amma ya fi masu takarda da yawa tahaƙiƙi, dabararsa ita ce ya shafa alli a kafaɗar taya, ya sa a loda wa motar kayanta na kullum, a murɗa sitiyari iyaka dama da hagu, a bi gargada da ita a dawo; duk inda alli ya goge, ko ya bar fari a jikin ƙarfe, nan ne za a yi kuka nan gaba.

Batun dusar da motar kanta kuwa ba zan tsawaita ba, domin hanya ta riga ni ba da amsa. Wanda ya taɓa sauka daga kwaltar Kano zuwa Gwarzo ya nufi ƙauyukanmu a watan Agusta, ya ga yadda ruwa ke yanka burji, da yadda manyan motoci ke haƙa kwari biyu su bar tudu a tsakiya kamar kunyar rogo, ya san abin da zai sami tukunyar baƙin mai da salansa na motar da aka rage wa tsayi. Ko a kan kwaltar ma, tudun rage gudu da kowane gari ya gina a ƙofarsa ya ishe ta azaba. Su can Amurka da suke yi, ba yanke sifirin kawai suke yi su tafi ba. Sukan sauya shokazoba, su gyara mazaunin ƙafa, wani lokaci su yanke kwarangwal ɗin motar su ƙarfafa shi, ko su sa jakunkunan iska masu ɗagawa da saukewa, kuɗin da ake kashewa kuwa sau da yawa ya fi kuɗin motar. Wanda ya gasa sifirin da wutar walda don ya kwanta, ko ya zare masa ganye biyu, ya kashe ƙarfen ne kurum, ya sami sura ba ma'ana.

Sai dai adalci bai yarda in tsaya a kan samari kaɗai ba, domin mu manya muna da namu laifin, kishiyar naku ne, kuma na fi zaton ya fi naku kisa. Ku kuna so ku sauke mota don ido, mu mun saba ɗaga ta don kwaɗayi. Wane ne a cikinmu bai ga an kai akori-kura wurin maƙera an ƙara mata ganyen sifirin uku ko huɗu ba, har bayanta ya ɗaga sama kamar kunama, don a jibga mata kayan da ya ninka ƙa'idarta, a ɗora fasinja a kan buhuna, karen mota yana lilo a ƙofar baya? Mai motar yana ganin tun da ba ta sunkuya ba ai ta iya, ya manta cewa ganyen da ya ƙara bai ƙara wa taya ko birki ko boris komai ba, ya dai ɓoye alamar da da ita motar ke kai ƙara. Wannan ifraɗi ne, wancan tafriɗi, asalinsu kuma guda, wato ɗora wa abu abin da ba don shi aka yi shi ba. Na halarci jana'iza a wani ƙauye kusa da Kabo, shekarun baya, ta mata biyu da yaro da suke dawowa daga kasuwa a kan lodi. Da aka tambayi direban, wanda ya tsira da karaya, sai ya ce ƙaddara ce, taya ce ta fashe. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai imani da zai musa. Amma na ga ragowar tayar a gefen hanya, sumul take kamar tafin hannu, kuma malaman fiƙihu ba su taɓa ɗauke wa mai sakaci lamuni don ya ambaci ƙaddara ba.

Wannan ya kawo mu ga kasuwa. Tun da masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop da ke Ikeja ta bi ta a 2008, galibin tayoyin da muke hawa daga ƙetare suke zuwa, da yawansu kuma na hannu ne, waɗanda aka gama da su a Turai. Na san halin da ake ciki, ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba, kuma wa'azin da bai dubi aljihun mutane ba iska ce. Amma in larura ta kai ka ga ta hannu, ɗana, to ka saya da ilmi. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Manyan masu ƙera ta suna cewa in ta shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai goma a yar ko da zanenta na nan, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa, wadda aka kafa a 1988, ta fi haka tsanantawa, shekara huɗu take ambata. Duba cikin kwarin zane, akwai 'yan tuddai da aka gina masu tsayin milimita 1.6; in zane ya zo daidai da su, ta gama aiki. In ka ga hoton dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, galibi tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi an yi ta don sanyin da ruwa ke daskarewa, ba don kwaltar Kano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Sa'an nan ka sa hannu ta ciki ka shafa ko'ina, ka buɗa zanen da yatsa, domin akwai marasa tsoron Allah da ke sake yanka wa suɗaɗɗiyar taya zane da wuƙa mai zafi su shafe ta da baƙin mai ta yi sheƙi. Wannan algus ne tsantsa, ya kuma fi na mai zuba tsakuwa a hatsi muni, tun da shi wancan haƙori yake karyawa. Ku da kuke koyon faci da kanikanci, ku tuna a mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a yana lamunce abin da aka damƙa masa ya lalace a hannunsa. In haka ne hukuncin tufa a wurin maɗinki, ku ƙiyasta na ƙafar motar da za ta ɗauki mutum goma.

Ranar ɗaurawa kada ka bar yaro shi kaɗai ka tafi shan shayi. A goge fuskar cibiya daga tsatsa da yashi; a fara ɗaura kowane noti da yatsu kafin a sa sifana; a bi su a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba; kada a yarda da ƙaton nan da ke zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle, domin ƙusa tana miƙewa in an wuce da ita, ga kuma ranar da za ka yi faci kai kaɗai a daji ka kasa kwancewa. A yi balansi, a duba saitin ƙafa. Iska kuma da safe ake auna ta, taya na sanyi, da geji, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko littafin mota, ba da bugun ƙafa ko ƙwanƙwasa sifana ba. Kada kuma a sace iska don an ji taya ta yi zafi a hanya, wannan ƙara mata zafi yake yi. Safaya ma a duba ta, a tabbata notin da ke motar zai kama ta. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bin notin duka, wato wanda ya ɗaura a Ƙofar Ruwa ta Kano, in ya iso Gwarzo kada ya shiga gida sai ya yi.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata a zaune a kan tabarma, har aka kira magariba. Bai ce mini komai ba sai "To, Kawu," irin ta yaran da ba ka sanin ko sun ji. Bayan mako uku na ji hon a ƙofar gida, na fito na tarar da motar a tsayinta na da, da tayoyi masu harafin C, biyu sababbi a baya, biyu na hannu a gaba waɗanda ya nuna mini shekarunsu da yatsa tun ban tambaya ba. Tsofaffin wilin ƙarfen kuwa ya kankare su ya fesa musu farin fenti, ya zagaya bakinsu da jan layi, ya sa wa noti huluna masu ƙyalli, abin dai ya yi kyau ƙwarai, har yara suka taru. Ya ɗauke ni zuwa Getso, buhu takwas a baya. A hanya ya ciro wayarsa don ya duba lokacin azahar, na ga hoton motar Amurkan nan yana nan a fuskarta, bai cire ba.